Jegon Da Ya Kusa Tafiya Da Ni

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labari, musamman saboda mata masu haihuwa da iyayen da ke kula da su.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Zazzau. Ina da shekara bakwai mahaifiyata ta rasu, bayan ta haifi autanmu, ko arba'in ba ta yi ba. Ban riƙe kamannin fuskarta sosai ba, amma na riƙe ƙafafunta. Sun kumbura har takalmi ya daina shiga, kuma a zaune take kwana, jingine da bango, tana tari. Da Allah ya karɓi abarsa, magana ɗaya ce a bakin kowa a gidanmu: sanyin jego ne ya shige ta, ba ta gasu ba. Har akwai masu cewa da yake damina ce itacen ɗanye ne, ruwan wankan bai riƙa tafasa yadda ya kamata ba.

Yayarta ce ta ɗauke ni, ita nake kira Inna. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa ganin bambanci ba. Ita ta sa ni a makaranta, ta sayar da tumakinta ta biya min kuɗin jarrabawa, ta tsaya har na gama kwalejin horon malamai. Amma mutuwar ƙanwarta ta bar mata tabo. Duk lokacin da zancen ya taso sai ta ce, “Da a hannuna ta yi jegon nan, da wataƙila ba a yi haka ba.” Ta ɗaukar wa kanta alkawari cewa in Allah ya nuna mata haihuwata, sanyi ba zai sami ƙofar shiga jikina ba.

Aure ya kai ni Kano, na sami aikin koyarwa a wata firamare. Haihuwata ta fari da ta biyu duk gida na koma wanka, kuma Inna ta cika alkawarinta. Wadda ba ta taɓa ganin wankan jego irin na ƙauyenmu ba ba za ta gane ba. Tun kafin kiran assalatu an ɗora rabin ganga a murhu. Sai ruwan ya yi ta tafarfasa sannan a sauke, a ɗauko damin ganyen darbejiya a tsoma, a riƙa fyaɗa miki a baya da ciki da cinyoyi, tururi ya turnuƙe makewayin har ba kya ganin mai yi miki. Da la'asar a sake. Kina fitowa kwanon kunun kanwa na jiran ki, na gero, da citta da kanumfari da masoro, an zuba kanwa har sai ta yi kauri a harshe. Ga farfesun ƙauri, ga gasasshen nama da yajin jego, a ɗaki kuma ga kaskon garwashi ko da bazara ce. Haka za a yi ta yi har arba'in, wani lokaci a zarce. Sau biyu na yi wannan na tashi lafiya, na koma ɗakina ina sheƙi, kowa na yaba wa Inna.

Cikin na uku, a 2019, shi ya zo da wani salo. Laulayi ya wahalar da ni, na rame ƙwarai, abinci ba ya zama. Ga aji, ga yara biyu ƙanana, ga hidimar gida. A awon ƙarshe-ƙarshe malamar jinya ta ce jinina ya ɗan hau, aka ba ni magani, aka ce in rage gishiri. Na haihu lafiya a asibiti, mace, aka sallame mu. Bayan suna aka kai ni wurin Inna kamar yadda aka saba.

Abin ya fara ne da gajiya. Daga ɗaki zuwa makewayi sai na tsaya a hanya na dafa bango. Na ɗauka jinin da na zubar ne. Sannan tari ya biyo baya, busasshe, wanda ba ya tashi sai na kwanta. In na miƙe a katifa sai in ji ƙirjina ya cika, numfashi ba ya kaiwa ƙasa, dole in tashi zaune. Na fara da matashi biyu, na koma uku, daga baya na haƙura da kwanciyar gaba ɗaya. Zuciyata kuwa bugawa take da sauri ko ina zaune ban yi komai ba, har ina jin ta a kunnena. Wata safiya na zo sa silifa ya ƙi shiga. Na danna ƙaurina da babban yatsa, wurin ya lotsa kamar an danna tuwo, na cire yatsan ramin bai ciko ba.

Inna na ganin ƙafar nan ta saki salati. Na ga tsoro a idonta irin wanda ban taɓa gani ba. Ta ce, “Sanyi ne. Wallahi ba zai ci ki a gabana ba.” Daga ranar aka ƙara itace, wanka ya koma sau uku, kunu kuwa ta aika kasuwa aka nemo mata ungurnu ta ce ta fi ƙarfi. Da hannunta take riƙe min kwanon tana cewa, “Daure ki shanye, 'yar nan, daure.” Ni ma ina sha ina sa rai, domin abin da na tashi na ji ke nan, kuma abin da na gani ya yi min aiki har sau biyu.

Da jikin ya ƙi, aka kira wani mai kemis na garin. Ya dube ni ya ce rashin ƙarfi ne da ciwon jiki, ya ba ni ƙwayoyin kashe zafin ciwo, ya ɗaura min ƙarin ruwa. A daren ne na san mutuwa kusa take. Numfashi ya gagara, ina jan iska ina jin ƙirjina na kurkur, abin da nake tofarwa kumfa-kumfa. Jaririyar na kuka a gefena, ina ganin ta, na kasa miƙa hannu. Ban yi tunanin kaina ba sosai, ita nake tunani, da yayyenta biyu, da wanda zai riƙe su. Na yi ta maimaita kalmar shahada a zuci saboda bakin ba ya iya furtawa.

Ƙanina ne ya buga wa maigidana waya. Kafin gari ya waye ya iso da motar wani abokinsa. Da ya gan ni bai ma zauna ba, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce, “Inna, ki yi haƙuri, asibiti za mu tafi yanzu.” Ta ce mai jego ba ta fita iska ta buge ta. Ya ce, “Ki yi min afuwa, Inna, in na bar ta a nan ba za ta kai dare ba. Ki taho mu tafi tare.” Ta ɗauki mayafinta da jaririyar ta shiga mota, ba ta ƙara cewa uffan ba. A zaune na yi tafiyar, gilashi a sauke, ina haki.

A asibitin aka sa min iskar oksijin, aka yi min allurar da ke sa fitsari. Na yi ta fitsari ba ƙaƙƙautawa, kuma da kowane zuwa sai in ji ƙirjin ya ɗan saki. A daren na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba, duk da a jingine ne. Bayan na ɗan farfaɗo aka kai ni ɗakin hoton zuciya, aka shafa min wani abu mai sanyi a ƙirji, likita na zagaya na'ura yana kallon allo. Ya juyo da allon ya nuna wa maigidana. Ni ma na ga abar tana motsi a hankali, da ƙyar.

Likitan ya sa aka kira Inna, ya yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan. Ya ce tsokar zuciyata ce ta yi rauni, ta saki, ta buɗe. Zuciya mai lafiya a kowane bugu takan tura fiye da rabin jinin da ya taru a cikinta, kashi 55 cikin 100 ko sama da haka. Tawa kashi 28 take turawa. Tun da ba ta iya kwashe jinin da ke dawo mata, sai ruwa ya riƙa taruwa a baya: a huhu, shi ne tarin da hakin, a ƙafa da ciki, shi ne kumburin. Ya ce ciwo ne da ke kama wasu mata a watan ƙarshe na ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. A binciken da aka yi a Zariya da Sakkwato an samu kusan mace 1 cikin kowace 100 da suka haihu.

Sannan ya zo kan kanwa. Ya ce sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki, shi ne dai a cikin kanwa, mai yawa kuwa. Mace ta sha kunun kanwa kwano-kwano kullum, jikinta zai tara ruwa, ga zafin wanka da na ɗaki na tilasta wa zuciya ƙara gudu. Mai ƙarfin zuciya za ta iya ɗauka ta wuce. Wadda tata ta riga ta raunana kuwa, an ɗora mata kayan da ba za ta iya ba. Ya ce ƙarin ruwan da aka yi min da ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen su ma ruwa suke ƙara tarawa, kada in sake kusantar su.

Inna ta yi shiru tana kallon ƙasa. Can ta ɗago ta ce, “Likita, uwarta ma haka ta kumbura, haka ta yi ta tari a zaune. Ke nan ita ma abin da ya tafi da ita ke nan?” Ya ce, “Mama, ban ga marigayiya ba, ba zan yanke hukunci ba. Amma alamomin da kika faɗa irin waɗannan ne.” Sai ta fashe da kuka, tana cewa da hannunta ta riƙa ɗura min. Ba zan manta da abin da ya yi ba. Ya ajiye biro ya ce, “Mama, ba ke kika sa mata ciwon ba.” Ya ce likitocin da suka fara nazarin abin a Zariya a shekarun 1970 sun fi ɗora alhakin a kan kanwa da wankan zafi, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna ciwon na kama har matan da ba su yi ko ɗaya ba. Akwai hawan jini lokacin ciki, akwai rama da rashin abinci mai gina jiki, akwai gado a wasu dangi, kuma a Yamai da Kano an gano ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyum a jinin da yawa daga cikin masu ciwon. Kanwa da zafi sun tsananta abin, in ji shi, amma ba lallai su ne tushensa ba.

Na gode wa Allah da ya faɗi haka a gabanta. Ni ban taɓa riƙe Inna a raina ba, ko na minti ɗaya. Abin da ta sani ta yi, kuma ƙauna ce ta sa ta yi. Wanda nake jin ciwonsa har yau shi ne yadda za a ce an san wannan ciwo a asibitocinmu tun kafin a haife ni, amma labarin bai isa tsakar gidan da ake dafa ruwan wanka ba. Na yi awo a ciki uku, ba a taɓa ce min in na ga kumburi da haki bayan haihuwa in dawo da gudu ba.

A ɗakin da aka kwantar da ni ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata yarinya da ba ta kai ashirin ba, haihuwar fari, an kawo ta daga wani ƙauye cikinta ya yi tulu da ruwa. Akwai wata babba a gadon da ke kallon nawa, wadda ta taɓa yin ciwon, ta ji sauƙi, maganin ya gagare ta saye, ta sake samun ciki. Muna hira da ita da dare in barci ya ƙi zuwa, tana ba ni labarin 'ya'yanta. Wata asuba na farka na ga an zagaye gadonta da labule. Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari. Masu zuwa dubiya kuwa, da sun ji an ce zuciya, sai su fara raɗa: me mijin yake yi mata? Wane baƙin ciki ta ƙunsa? Bawan Allah yana ta faɗi-tashin kuɗin magani, ana kallon sa da wannan ido.

Aka sallame ni da ƙwayoyi kala huɗu da dokoki masu yawa. Kada ruwan da zan sha a yini, har da koko da shayi, ya wuce lita ɗaya da rabi a watannin farko. In hau sikeli kowace safiya, in na ga na ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, in koma asibiti. Wanka da ruwa mai ɗumi kawai. An bar ni in ci gaba da shayarwa, aka zaɓa min magungunan da suka dace da mai goyo. Sai babbar doka, wadda ta fi kowacce wuya: gishiri.

Mai ba da shawara kan abinci ta ɗauko ƙaramin cokalin shayi ta nuna min. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko mai lafiya kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika wannan cokali ba, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a cikin abinci. Ni da nake jefa dunƙule huɗu ko biyar a tukunyar miya, in kawo gishiri in barbaɗa, in sa kanwa don kuɓewa ta yi yauƙi, sai na ji kamar ba da ni take ba. Ta ce dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne. Ta lissafo min garin ɗanɗanon da ke cikin taliyar leda, da yajin tsire, da kilishi, da burodi, da kifin gwangwani. Kanwa kuwa ta ce in manta da ita, a kunu, a wake, a miya, a ɗanwake.

Makonnin farko na ci abinci da hawaye, ba ƙari a maganata. Miyar kuka ba gishiri ba dunƙule, ki kai loma baki ki rasa me kike ci. Ana yi min tukunyata daban, ƙarama, ina jin ƙamshin ta sauran gida. Ga shi an ce kada in rame, domin ni matsalata ba ƙiba ba ce, an ma ce in ƙara cin wake da ƙwai da kifi da gyaɗa don jiki ya samu abin gina kansa.

Inna ce ta fitar da ni. Ta biyo ni Kano ta zauna, ta karɓe madafin. Ita da ta yi girki shekaru kafin dunƙule ya shigo ƙauyenmu, ta san abin da ni ban sani ba. Takan daka daddawa mai kyau da albasa da tafarnuwa da citta da ɗan masoro, ta soya albasar a ɗan mai kaɗan har ta yi ja kafin ta zuba kayan miya, ta bar tumatir ya ƙone ruwansa sosai. Busasshen kifi takan jiƙa shi ta wanke, ta daka kan da ƙayar ta tace a miya. Wake takan jiƙa shi tun dare, da safe ya nuna lugub ba tare da kanwa ba. Kuɓewa ɗanya takan goga ta ta buga da maburgi, yauƙin ya fito da kansa. Kunu ya koma na tsamiya da na gyaɗa. A kan kwaɗon zogale da na rama takan matsa lemon tsami, tsamin ya rufe gurbin gishirin. Gishirin yini kuma takan auna shi da safe a murfin kwalba ta ajiye a gefe, in ya ƙare ya ƙare. Tana yi tana mita wai girkin 'yan zamani ya lalata mana harshe, kuma na yarda da ita, domin bayan 'yan makonni harshena ya dawo. Na fara jin zaƙin kabewa a miyar taushe, na fara jin ɗanɗanon gero shi kansa. Yau in na ɗanɗana abincin biki sai in ji gishiri ya yi min kururuwa a baki.

Ɗanwake ne kawai har yanzu nake kewa. An gwada min ba kanwa, bai yi ba.

Sauran abubuwan sun zo a hankali. Man shanu da kitse da kayan ciki sun zama na lokaci-lokaci. Na daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Lemon kwalba ya bar gidan, sai zoɓo da ɗan zaƙi kaɗan, shi ma da sanin likita, kuma bai taɓa zama madadin ƙwayoyina ba. Masu kawo min saiwoyi da jiƙe-jiƙe da sassaƙe sun kawo, na gode musu, ban sha ba, saboda ba wanda zai iya gaya min abin da ke ciki, kuma da yawansu da kanwa ake haɗa su. Tafiya kuwa na fara ta ne a tsakar gida bayan sallar asuba, daga ƙofar ɗaki zuwa bakin rijiya in dawo. Da ƙarfi ya samu na koma zagaya gidan, daga baya na riƙa zuwa makaranta da ƙafa. An ce abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Ga macen da ba ta cika fita ba, tsakar gida ma ta isa in an dage.

Maganar da ta fi gishiri ɗaci ita ce ta haihuwa. Likita ya zaunar da mu ni da maigidana ya ce muddin zuciyar ba ta koma daidai ba, wani cikin na iya zama ajalina, kuma ko ta koma akwai yiwuwar ciwon ya dawo. Ya ƙara da cewa wasu daga cikin ƙwayoyin da nake sha na cutar da ɗan tayi. 'Ya'yana uku duk mata ne, kuma ina da shekara talatin da ɗaya a lokacin. Na yi kuka a hanyar komawa gida. Hajiya, mahaifiyarsa, da ta ji sai ta ce rai da haihuwa duk na Allah ne, likita ba ya kashewa ba ya rayawa. Ban ga laifinta ba, jika namiji take so ta gani. Maigidana ya yi kwanaki ba ya son zancen. Ni kuma ina kwana ina saƙawa da kwancewa: in na haƙura, wane matsayi zan samu a gidan? In na gwada, wa zan bar wa uku da ke ƙasa?

Shi da kansa ya je ya sami wani malami da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Malamin ya karanto masa aya ta 195 a Suratul Baƙara, wadda ta hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, ya ce in amintaccen likita ya tabbatar da haɗari, kare ran uwa shi ne gaba. Ya dawo ya same ni a ɗaki ya ce, “Maman yara, ke nake so ki rayu. Waɗanda Allah ya ba mu sun ishe mu godiya.” Shi ya je ya shawo kan Hajiya, ban san me ya gaya mata ba, amma ba ta sake tayar da maganar a gabana ba. Aka sa min abin tazarar haihuwa na ƙarƙashin fatar damtse, domin an ce ƙwayoyin da aka fi sha ba su dace da mai irin ciwona ba. Har yanzu in na je barka na ɗauki jariri, wani abu na motsawa a raina. Ban daina jin sa ba, na dai koyi zama da shi.

Shekarar 2020 ta zo da kullen korona, Kano ta rufe, zuwa asibiti ya zama aiki. Maigidana ya riƙa yawo a ƙafa daga wannan kemis zuwa wancan a ranakun da aka sassauta, don kada maganin ya yanke. Tsadar da ta biyo baya a 'yan shekarun nan ta sa kuɗin ƙwayoyin wata ya ninka, har na shiga adashi na musamman dominsu. Na faɗi wannan ne don na san mata da yawa ba taurin kai ke sa su daina shan magani ba, babu ce. Azumin farko ban yi shi ba, likita ya hana, kuma ranar da aka kai azumin fari kowa na buɗa-baki na shige ɗaki. Daga baya da jiki ya daidaita aka gyara min lokutan shan maganin zuwa sahur da bayan shan ruwa, na ci gaba da yi, da sharaɗin in na ji jiri ko bugun zuciya in karya.

Wani abin da ban zata ba shi ne ciwona ya tono na maigidana. Mun sayi na'urar awon jini saboda ni, wata rana ya miƙa hannu da wasa, ta nuna 164 bisa 102. Aka sake a asibiti a ranaku daban-daban, bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba. Mutum ne da ko ciwon kai bai cika yi ba. Likita ya ce haka hawan jini yake, kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba, sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Daga nan tukunya ta koma ɗaya a gidanmu. Ya rage goro da tsiren dare, yana shan ƙwayarsa, kuma yaranmu sun tashi da harshen da bai saba da gishiri mai yawa ba.

Yau zuciyata na tura kashi 47. Ba ta koma yadda take ba, wataƙila ba za ta koma ba, kuma an gaya min ko ta kai 50 ba za a tsayar da magani kai tsaye ba. Ina koyarwa, ina hidimar gidana, ina kwanciya da matashi ɗaya. Inna ta tsufa, ta koma ƙauye, kuma har yanzu ana kiran ta wankan jego. Tana yi, amma sai ta surka ruwan ta tsoma gwiwar hannunta ta ji, kunun kuma na tsamiya take damawa. In aka yi mata gardama takan ce su zo Kano su tambaye ni.

Ni ma na sami wata ɗabi'a. In na je barka, bayan na ga jariri, nakan zauna kusa da mai jego in tambaye ta yadda take barci, ko tana iya miƙewa a katifa, ko tari na tashin ta da dare, ko tana haki in ta ɗan taka. Nakan kalli ƙafarta. Wasu na ganin shisshigi ne, ban damu ba. Bara na shiga gidan maƙwabtanmu, 'yarsu ta zo wanka, na tarar da ita zaune an tara mata matasai a baya, tana magana tana tsayawa jan numfashi. Na danna ƙaurinta, ya lotsa. Na ja uwar gefe na ce, “Yaya, don girman Allah a sauke ruwan nan, a nemo mota.” Ta ce sai uban ya dawo daga kasuwa. Na kira shi da wayata, na ba shi labarina a tsaye a zaure. A ranar aka kwantar da ita, kuma ciwon nan ne. Yanzu ranar ganin likitanmu ɗaya ce, tare muke hawa adaidaita sahu mu tafi.